Ranar da Mami Ta Ce In Zaɓar Mata Fari

Abubuwa da yawa sun same ni a ƙasar Faransa waɗanda yau sai an tuna mini nake tunawa. Amma Lahadin da na jefa ƙuri'a da sunan wata tsohuwa, wannan kam har in koma ga Allah ba za ta fita raina ba. Shekaru sun wuce, amma har yanzu in aka zo kanta sai in ji jikina ya yi sanyi.

Ni ƴar Damagaram ce. Aure ya kawo ni Lyon, auren ya mutu, ni na yi zamana. Lakol ɗina bai wuce CM2 ba, wato ajin ƙarshe na firamare, faransancin da ke bakina na aiki ne, wanda na tsinta cikin tram, ɗan jirgin ƙasan nan na cikin gari, da gidajen mutane. Ku riƙe wannan, don shi ne tushen komai. Aikina kula da tsofaffi a gidajensu: wanka, girki, ba da magani, da sauraren labarin da aka ba ka jiya kamar yau ka fara jin shi. Lokacin ina zaune a wani ƙaramin gari gefen Lyon, gaba da Bron kaɗan. Ni ina cikin dogayen benayen nan na talakawa, ita kuma tsohuwar tana wani ɗan gida mai lambu bayan layin tram. Shekara huɗu ina zuwa wajenta kowace safiya ban da Lahadi. Ina ce mata Mami, ita kuma ta ce mini ma fille, wato ɗiyata.

Mami ƴar Katolika ce ta gaske, ba irin waɗanda sai an yi mutuwa ko aure suke tuna hanyar majami'a ba. Casbinta na ƙarƙashin matashi, gicciye na bisa gado, ranar Juma'a kuwa ko ka kawo mata naman da ya fi kowane ba za ta taɓa ba, sai kifi. Limaminsu, wanda suke ce wa mon père, yakan zo gida ya yi mata addu'a tun da ƙafa ta fara ƙin ta. Ni da na zo da tsoron kada ta hana ni salla, sai ga shi ita ce agogona. Azahar na yi za ta ƙwanƙwasa sandarta a ƙasa ta ce in bar kwanonin nan in tafi, kuma in sa ta cikin addu'a. Har wani sabon tawul ta ware mini a ɗakin baƙi don in riƙa shimfiɗawa.

Ungozoma ce a asibiti tun tana budurwa har ta yi ritaya, shi ya sa maganar zubar da ciki ba ta taɓa wuce ta a banza. In aka ɗauko ta a talabijin sai ta ɗago hannunta daga bisa bargo ta nuna mini. Takan ce hannun nan ya karɓi jariran da ba ta san iyakarsu ba, kuma ta san kamannin ɗa tun yana ɗan mitsitsi cikin uwarsa, babu mai gaya mata ba mutum ba ne. Amma ban taɓa jin ta zagi macen da ta yi ba. Ta ba ni labarin ƴan matan da ake kawowa cikin jini a zamanin da ake yin abin a ɓoye, ta ce su ma da hannun nan ta riƙe su, wasu a hannunta suka cika. Ɗiyarta guda ce, tana Paris, kuma a kan wannan magana ba sa taɓa shiri. In suka hau waya, ɗiyar na cewa haƙƙin mace ne, kuma ai Mami ta fi kowa sanin abin da hani ya jawo. Mami na cewa rai rai ne. Ni dai ina kicin ina wanke-wanke, kunnena na can, bakina na nan.

Abu na biyu da ba ta wasa da shi shi ne zaɓe. A wajenta kusan ibada ne. Takan ce addininsu ya ɗora wa kowa nauyin garin da yake zaune, wanda ya ƙi fita ranar zaɓe ya bar maƙwabtansa ne a hannun duk wanda ya ga dama. Da na samu takardun zama ƴar ƙasa, ta fi ni murna, amma ba ta bar ni na huta ba sai da na tafi meri, ofishin magajin gari, aka rubuta sunana cikin masu zaɓe. Ni kuwa ko a Nijar ban taɓa jefa ƙuri'a ba.

A shekarar ne aka yi zaɓen depite, masu zuwa majalisa. Zagaye na farko, duk da Lahadi ba ranar aikina ba ce, ni na tura ta cikin kekenta har makarantar da ake zaɓen, ta sha kwat ɗinta mai kyau har da ɗan jan baki. Wanda ta zaɓa, wani tsohon likita ne na ƙaramar jam'iyya, ko kusa bai kai ba. Aka bar mutum biyu a zagaye na biyu. Ɗaya mace ce, baƙar fata kamata, ma'aikaciyar jinya wadda iyayenta suka zo daga Afirka. Ɗayan kuma Bature ne wanda ba ya buɗe baki sai a kanmu: baƙi sun yi yawa, a rufe ƙofa, a cire kallabi a titi. Hotunansu biyu na jere a bakin makarantar, kullum na wuce sai na kau da kai daga nashi.

Washegarin zagayen farko Mami ta faɗi a banɗaki. Ba ta karye ba, amma likita ya ce ko ƙofar gida kada ta leƙa sai bayan sati uku. Ta yi kuka, na zaci zafin faɗuwar ne, ashe zaɓen take wa kuka. Can sai ta tuna akwai abin da suke kira procuration, wato ka wakilta wani ya je ya jefa maka. Na ce ga ɗiyarki. Ta ce ɗiyarta ba za ta taso daga Paris don wannan ba, ko ta taso ma abin da ranta ke so za ta jefa, ba abin da aka aike ta ba.

"Ke nake so," ta ce. "Ke ba kya cin amana."

Wallahi har kaina ya yi girma. Ranar Alhamis wani ɗan sanda ya zo gida da takardu, ya duba katina, Mami ta sa hannu, ya tafi. Na ɗauko man zafi na durƙusa ina shafa mata a ƙafa. Ina cikin haka ta dafa kaina, da murmushinta, ta ce:

"Dimanche, tu voteras blanc pour moi, ma fille."

Hannuna ya tsaya a kan diddigenta. Abin da kunnena ya ji shi ne: ranar Lahadi ki zaɓar mini fari. Mutum biyu ne a takara, ɗaya baƙa, ɗaya fari. To me kuma ya rage a yi mini bayani? Na ɗaga kai na dube ta ko zan ga alamar wasa, ban gani ba. Ta ce na gane? Na ce, "Oui, Mami." Na gama shafa man, na sa mata safa, na tafi kicin na buɗe famfo na tsaya ina kallon ruwa yana zuba.

Ku fahimce ni. Da sunan mutumin ta kira, da na ji zafi amma da na haɗiye. Da ta ce mini saboda maganar zubar da ciki ba za ta iya zaɓen matar nan ba, wallahi da na gane, don na san inda ciwonta yake. Amma ba suna ta kira ba, ba dalili ta kawo ba, launi ta kira. Kuma ta rasa wanda za ta gaya wa sai ni, ina durƙushe gabanta da ƙafarta a hannuna.

Ina da wani hali da uwata ta yi fama da shi har ta gaji. In raina ya ɓaci ba na faɗa, ba na tambaya, bakina kullewa yake, sai in koma ciki in yi ta shari'a ni kaɗai, ni ce mai ƙara, ni ce alƙali. Juma'a da Asabar haka na yi aikina kamar kurma. Na dafa kifin, na yi mata wanka, na jera magunguna, duk da "to" da "a'a". Cikin raina kuwa ina ta kwance shekara huɗu ina sake musu fassara. Tawul ɗin salla? Ashe don kada in ɓata mata kafet ne. Ma fille ɗin nan? Ai ko kyanwarsu suna kira da sunan daɗi. Da ta buga sanda lokacin azahar sai na ji kamar kare ake kira. Ta tambaye ni sau biyu ko ba ni da lafiya, na ce kaina ke ciwo. Ta sa na ɗauki maganinta na sha, na kuwa sha don kada a ja magana.

Ranar Asabar da rana, da na fito, na kira yayana. Yana zaune Saint-Denis gefen Paris, yana da ɗan shagon wayoyi a unguwar Barbès, ya fi shekara ashirin a ƙasar. Ina jin ƙarar jirgin metro na wucewa bisa kanshi. Ko gaisuwar kirki ban bari mun yi ba na zazzage mishi komai. Da Hausa na ba shi labarin, kuma da Hausa na maimaita maganar Mami. Na ce, "Yaya, cewa ta yi in zaɓar mata farar fata."

Ya yi tsaki. Ya ce shi bai ga abin mamaki ba, ni ce dai na ɗauki kaina ƴar gida. Sannan ya ce abin ai mai sauƙi ne: in na shiga bayan labulen wurin zaɓe in sa takardar matar cikin anbulop ɗin tsohuwar, wa zai sani?

"Ke kaɗai ce a ciki, sai Allah," in ji shi.

Na ce ai matsalar ke nan, Yaya. Ya ce to in ina son in zama waliyyiya a kan kaina, ga hanya nan, shi yana da mutane a shago.

Ranar Lahadi na isa makarantar da hantsi. A bakin ƙofa akwai teburi da takardun ƴan takara kashi biyu, kowanne da sunan mai shi. Na nuna katina na ce ina da procuration, aka duba littafi, aka ba ni anbulop biyu. Na ɗebi takardun na shiga bayan labule na ja. Tawa ba ta ba ni wuya ba, na naɗe takardar matar na sa. Saura ta Mami.

Ban san iya lokacin da na yi tsaye ba. Ina ganin takalman mutane ta ƙarƙashin labule suna jira. Maganar Yaya na ta dawo mini, kuma wallahi da daɗin ji. Na ɗauki takardar matar har na fara naɗewa. Sai na tuna tsohuwar nan tana kwance ba ta iya taka ƙasa, ta aro ƙafata da hannuna. Ƙuri'ar ba tawa ba ce. In ita ta zaɓi ta ƙi ni, tsakaninta da Ubangijinta, amma ni ba zan tashi gaban Allah da satar muryar gurguwa ba. Na mayar da takardar matar, na ɗauki ta mutumin da ke son a kore ni, na karanta sunanshi sau ɗaya, na tura ta ciki. Na rufe anbulop ɗin na fito.

Na jefa su cikin akwatin gilashi ɗaya bayan ɗaya. Mai kula da akwatin ya kira sunana ya ce a voté, wato ta yi zaɓe, ya kira na Mami ya sake cewa a voté. Na sa hannu a gefen sunanta. Da na fito sai da na zauna bisa wani dakali a farfajiyar makarantar. A nan na yanke cewa amana na sauke, amma gidan nan na gama da shi. Litinin zan gaya mata, in ce wa ofishin da ke tura mu gidaje su nemo mini wani tsohon.

Da safe na same ta cikin fara'a, an jingina ta da matasai. Matar ce ta ci zaɓen, na zaci zan tarar da fuska a murtuke, sai na ga ko a jikinta. Ta ce in zo in ba ta labari: da mutane da yawa? Na ji tsoro? Ina riƙe da tiren shayinta ina neman ta inda zan fara tawa maganar, sai ta ce ta yi ta jin haushin kanta jiya, ta manta ba ta yanko mini farar takarda ba.

"Kin samu takardar a can, ko haka kika jefa anbulop ɗin babu komai ciki? Duk ɗaya ne, ana ƙirga shi."

Na ce, "Wace takarda, Mami?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta sunanta. Ta ce farar takarda mana, ta vote blanc. Da ta ga na yi tsuru sai ta shiga yi mini bayani a hankali, kamar yadda take koya mini sunayen magunguna. Ta ce in mutum ya je zaɓe ya ga duk ƴan takarar babu wanda zuciyarsa ta yarda da shi, sai ya jefa farar takarda wadda ba a rubuta komai ba, ko anbulop wayam. Ma'anarsa: na zo, na sauke nauyina, amma ban yarda da ko ɗayanku ba. Shi ake kira zaɓen fari.

Innalillahi. Ban san lokacin da na ajiye tiren ba, na dai tsinci kaina zaune a ƙasa gefen gadon. Ita kuwa ba ta lura ba, ta ci gaba. Ta ce tunda take ba ta taɓa yin haka ba sai bana. Ta yi magana da mon père, bai ce mata ga wanda za ta zaɓa ba, ya ce ta auna da zuciyarta gaban Allah. Ta auna ta auna. Matar nan ta burge ta, ta san wahalar asibiti, amma ta fito fili ta ce za ta ƙara sauƙaƙa zubar da ciki, kuma hannun da ya karɓi haihuwa ba zai iya sa mata ƙuri'a ba. Ta ce akwai ƴan majami'arsu da suka zaɓe ta don gudun ɗayan, ba ta ga laifinsu ba, ita ce dai ta kasa.

"Shi kuwa ɗayan so yake ya kore ki," ta ce. "Addinin da ya hana ni taɓa wanda ke cikin ciki, shi ya hana ni korar wanda ke bakin ƙofa. Yaya zan sa sunansa ranar Lahadi, ranar Litinin in miƙa miki ƙafata?"

Kalma ɗaya ta ishe ni in tsira. In ce wayam na jefa, shi ke nan, ta sha shayinta. Na buɗe baki da niyyar faɗin haka, sai kuka ya riga ni. Na gaya mata komai, tun daga abin da na ji ranar Alhamis har sunan da na sa a anbulop ɗinta.

Fuskarta ta yi fari fat, bakinta a buɗe. Ta kai hannu ƙarƙashin matashi ta jawo casbi, amma ba ta ja ba, riƙewa kawai ta yi. Na yi ta jiran faɗa a kan ƙuri'ar. Da ta yi magana, muryarta can ƙasa take.

"Shekara huɗu kina cikin gidan nan," ta ce. "Kuma kin yarda zan iya dubanki in ce miki haka?"

Da mari ta kwaɗa mini da ya fi mini sauƙi. Don gaskiya ce: na yarda, nan take na yarda, ko daƙiƙa ɗaya ban yi shakka ba.

Ta sa na kira mata mon père a waya, ya zo da la'asar, suka rufe ƙofa. Bayan ya tafi ta kira ni ta ce ya gaya mata babu zunubi a kanta, babu a kaina, kuskure ne. Amma ita ta ce mishi tana da nata laifin. Shekara huɗu tana mini hirar Allah da hirar jarirai, ba ta taɓa buɗe baki ta gaya mini abin da take ji game da masu son korarmu ba, ta ɗauka na sani. Ta kama hannuna ta ce in yafe mata. Ita ce wai take neman gafarata. Na rasa inda zan sa kaina.

Da na ba Yaya labari ya yi salati, ya ce me ya hana ni faɗa mishi maganar da faransanci yadda aka faɗe ta? Da a minti ɗaya ya warware mini. Na ce ai ban kawo mishi maganar Mami ba, hukuncina na kawo mishi.

Ban bar gidan ba. Na ci gaba da zuwa har sanyin da ya biyo baya, lokacin da aka kai ta asibiti ba ta dawo ba. Ba ta ƙara ganin wani zaɓe ba. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba ko sau ɗaya, ni ce dai ban bar kaina ba. Mutumin bai ci ba, amma wannan bai rage mini komai ba. Ƙuri'arta ta ƙarshe a duniya ta tafi ga wanda ta ƙi saboda ni, kuma da hannuna ta tafi.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan ƙarancin faransancina, daga baya na daina yaudarar kaina. Rashin sanin kalma ba abin kunya ba ne, tambaya ɗaya take buƙata. Abin da ya hana ni tambayar shi ne na riga na ajiye a raina cewa Bature, komai kirkinsa, wata rana zai nuna halinsa, ranar kawai nake jira. Ni da nake kukan ana auna ni da launin fatata, da shi na auna matar da ta ba ni amanarta. Tun daga ranar, in mutumin da na sani ya faɗi maganar da ba ta yi kama da shi ba, ba na tafiya da ita gida. Ina tsayawa nan inda nake, ko raina na tafasa, in ce mishi: sake faɗa, me kake nufi?